Yadda ake karanta ƙudirin doka kan jinsi, da yadda ake kai wa majalisa gyara a rubuce

A Hausa kalma ɗaya muke da ita: jinsi. Turancin da ake rubuta dokokin Najeriya da shi yana da guda biyu, "sex" da "gender", kuma taƙaddamar da ta kai gaban manyan kotuna a Birtaniya da Amurka da Pakistan tana tsakanin waɗannan biyun ne. Ta farko tana nufin halittar jiki, namiji ko mace. Ta biyu ta fara da nufin matsayin da al'umma ke bai wa maza da mata, daga baya dokokin wasu ƙasashe suka faɗaɗa ta, ta haɗa da yadda mutum ke ɗaukar kansa ko da ya saɓa wa jikin da aka haife shi da shi. Idan labari ya fito a rediyo duka biyun sun koma jinsi, sai mai sauraro a Kubwa ko Nyanya ya ji ana sa-in-sa, amma bai san a kan me ake yi ba.

Wannan jagora na ƙungiyoyin mata ne, da malaman addini, da lauyoyi masu tasowa, da ma'aikatan lafiya, da duk wanda ke son a ji ta bakinsa idan ƙudiri irin wannan ya zo Majalisar Tarayya. Ra'ayinmu a fili yake. Inda mace ke tuɓe kaya, ko take barci, ko take gwada ƙarfi da wata, ya kamata doka ta faɗa ƙarara cewa jinsin halitta ake nufi. Kuma dokar da ta faɗi haka wajibi ne ta faɗi inda za a kai wanda bai shiga layi ɗaya cikin biyun ba, ta hana a ci mutuncinsa. Takardar da ta ɗauki rabi ta bar rabi ba ta gama aiki ba.

Ku fara samo takardar kanta

Kowane ƙudiri yana da lamba. Na Majalisar Dattawa yana farawa da SB, na Majalisar Wakilai da HB. Ku nemi lambar, sannan ku nemi cikakken kwafi daga akawun kwamitin da aka miƙa wa ƙudirin, ko daga ofishin ɗan majalisar da ya gabatar da shi. Cibiyar PLAC da ke nan Abuja tana bin sawun ƙudirori a shafinta na intanet, wurin dubawa ne mai kyau. Ku tambaya ko kwafin da ke hannunku shi ne na ƙarshe, domin rubutu yakan canja tsakanin karatu na biyu da ranar jin ra'ayin jama'a. Hoton shafi ɗaya da aka turo a WhatsApp, an zagaye layi biyu da jan alƙalami, ba ƙudiri ba ne.

Kowa ya tuna abin da ya faru a watan Yulin 2024 kan Yarjejeniyar Samowa, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, wadda Najeriya ta sa wa hannu a ƙarshen watan Yunin shekarar. Labari ya bazu cewa an sayar da ƙasa ga masu auren jinsi, aka yi huɗubobi, aka yi ta tofin Allah tsine. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta fito ta ce babu irin wannan sharaɗi a cikin takardar. Waɗanda damuwarsu ta yi nauyi a lokacin su ne ƙalilan da suka karanta, suka ce ga kalma kaza a sashe kaza ba a fassara ta ba, muna so a fassara. Sauran hayaniya ce ta wuce. Ku kuma riƙe wannan: a sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Shi ya sa yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da nuna wa mata bambanci, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1985, har yau ba a mayar da ita dokar ƙasa gaba ɗayanta ba.

Bin kalmomi

Ku buga ƙudirin a takarda, ku ɗauko alƙalami kala uku. Da ɗaya ku ja layi a ƙarƙashin kowace "sex", da na biyu kowace "gender", da na uku kowace kalmar da ke nufin mace ko mata. Sannan ku juya zuwa sashen fassarar kalmomi, wanda galibi yake gab da ƙarshe, ku ga wace ce aka fassara, wace ce aka bari haka nan. Abubuwa uku kuke nema. Ko mai rubutu yana musayar kalmomin biyu kamar abu ɗaya ne, wannan shi ne ya fi yawa, kuma sakaci ne ke kawo shi. Ko an saka jimlar "gender identity", wadda take nufin yadda mutum ke ɗaukar kansa, wannan kuwa zaɓi ne da aka yi da gangan, sai a tattauna shi da sunansa. Ko kuma an kwafo sashe daga dokar wata ƙasa ba tare da an kwafo togaciyar da ke tare da shi a can ba.

Bayan haka ku ajiye ƙudirin kusa da dokokin da muke da su. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci, kalmar jinsin halitta ya yi amfani da ita. Yana cikin babi na huɗu, wanda taɓa shi ke buƙatar kashi huɗu cikin biyar na 'yan kowace majalisa, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko shiga cikinsu, amma ba ta fassara wace ce mace ba, kada ku jingina mata abin da ba ta faɗa ba. Sashe na 405 na dokar Penal Kod ta Arewa ya saka namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin masu zaman banza. Babu wata doka a Najeriya da ta bai wa mutum damar sauya jinsinsa a takardun hukuma don kawai yana so. Wannan shi ne filin da muke tsaye a kai, kuma ya sha bamban da na Landan.

Mutane uku da ake cusawa a buhu ɗaya

Mafi yawan takardun da ake kai wa kwamiti a nan suke faɗuwa. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da jikin da bai bayyana sarai namiji ne ko mace ba, ko kuma na waje ya saɓa da na ciki. Wannan halitta ce, babu zaɓi a cikinta. Akwai ɗan daudu, wanda Bahaushe ya san shi tun da daɗewa a harkar tuwo-tuwo da bukukuwa, namiji ne mai ɗabi'un mata, kuma yawancinsu ba su ce su mata ba ne. Akwai kuma masu sauya jinsi, waɗanda aka haifa da jiki bayyananne amma suke ɗaukar kansu ɗaya jinsin, wasu su sha magungunan sinadaran jiki, wasu a yi musu tiyata, wasu ba ko ɗaya. Muhawarar ƙasashen waje a kan na ukun nan take. Amma idan aka rubuta doka da fushi, a Najeriya na farkon ne ke fara shan wuya, domin shi ne ke ƙauyukanmu da asibitocinmu.

Fiƙihu bai yi wannan kuskuren ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, da mas'alar mata-maza ya rufe. Ya lissafa alamomin da ake dubawa: ta inda fitsari ke fita, fitowar gemu, nono, haila, maniyyi. Idan alama ta bayyana an fita daga rikitarwa. Idan ba ta bayyana ba, a mazhabar Malikiyya yana cin rabin gadon namiji da rabin na mace. Misali, mamaci ya bar ɗa namiji ɗaya da mata-maza ɗaya, sai a raba dukiya kashi 12, ɗan ya ɗauki 7, mata-maza 5. Malaman da suka zauna suka yi wa mutum ɗaya lissafi har haka ba su ɗauke shi abin kunya ba. Ku kai wannan hujja gaban kwamiti, tana buɗe kunnuwan da hujjar Turai ba ta buɗewa. A zamanin nan kuma Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayar 2019, ta samu 1,524.

Wata magana a gefe, ga ungozomomi da iyaye: jaririn da aka haifa al'aurarsa ba ta bayyana ba, a kai shi ga likitan yara a kwanakin farko, Asibitin Ƙasa ko na koyarwa da ke Gwagwalada ga mazauna Abuja. Akwai nau'in da ke sa jariri zubar da gishirin jiki, yana iya kisa cikin makonnin farko. Ɓoyewa don gudun bakin mutane ita ce ke kashewa.

Ku san hujjar kowane ɓangare kafin ku tsaya

Masu kare haƙƙin mata bisa jinsin halitta suna cewa an ware wa mata ɗaki da gasa da kujera ne saboda abubuwan da suka shafi jiki: ciki, haihuwa, haila, bambancin ƙarfi, da kasancewar mafi yawan masu fyaɗe maza ne. Idan furuci kawai ya isa a shiga, katangar ta zama ado. Masu kare masu sauya jinsi suna cewa mutanen nan 'yan tsiraru ne, sun fi zama waɗanda ake cutarwa, kuma tura wanda ya yi shekaru yana rayuwa da siffar mace cikin ɗakin maza jefa shi ne bakin kura. Suna ƙara da cewa da zarar an fara tsare ƙofa da duban fuska, matan da ke da kaurin murya ko gashi a haɓa su ne za a riƙa tarewa ana tuhuma. Duka biyun suna da abin da ya kamata a amsa. Wanda ya je majalisa da hujjar gefe ɗaya kawai, tambaya ɗaya daga ɗan kwamiti za ta kayar da shi.

Idan za ku kawo misalin waje, ku kawo shi daidai. Ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya, alƙalai biyar baki ɗaya, ta yanke cewa mace a Dokar Daidaito ta 2010 tana nufin jinsin halitta, ko da mutum yana riƙe da takardar sauya jinsi ta dokar 2004. Hukuncin nan dai ya jaddada cewa masu sauya jinsi suna da kariya daga wariya da cin zarafi a ƙarƙashin wannan dokar. Wanda ya faɗi rabin farko ya haɗiye na biyu ya yi wa hukuncin ƙarya. Ajantina tun 2012 ta bar mutum ya sauya takardunsa da furucinsa. Pakistan ta yi doka makamanciyar haka a 2018, Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya ta soke muhimman sassanta a 2023, har da abin da ya shafi gado. Afirka ta Kudu tana da doka tun 2003 wadda ke neman rahoton likitoci. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke ɗaure kotun Najeriya. Misali biyu sun isa a takarda, fiye da haka ya zama yawon duniya.

Ku bi wuri-wuri

Amsa ɗaya ba ta ɗaukar ko'ina. A kan kowane wuri ku yi tambaya huɗu: me ya sa aka ware shi tun farko, wa zai cutu idan aka buɗe, wa zai cutu idan aka rufe, wa zai tsaya a ƙofa ya yanke hukunci kuma da wace hujja.

Gidan gyaran hali da ofishin 'yan sanda su ne suka fi tsanani, domin wanda ke ciki ba shi da ikon tashi ya bar wurin. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta wajabta wa mata wuri na daban. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 9, ta ce binciken jiki a yi shi cikin mutunci, kuma mai jinsi ɗaya da wanda ake zargi ya yi, sai in larura ta hana. A Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan yadda ake riƙe fursunoni, ƙa'ida ta 11 ta ce a raba maza da mata, ta 81 ta ce mace ce za ta riƙe makullan ɓangaren mata. Ƙa'ida ta 7 kuwa ta ce wajen rubuta bayanan fursuna a mutunta yadda yake ɗaukar jinsinsa. Kun ga takarda ɗaya, kowane ɓangare yana da layin da zai karanto. Yanzu ku dubi abin a aikace. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an kawo mutum kanta, sanye da atamfa da ɗankwali, katin shaida yana cewa namiji. Ɗaki biyu ne a ofishin. A na mata akwai mai goyo da wata yarinya da aka kama a kasuwa. A na maza mutum ashirin. Kurtun da ke kan kanta ba shi da wata takarda da ta gaya masa abin yi, don haka ko ya tura shi inda za a yi masa illa, ko ya tsorata matan, ko a tuɓe shi a gaban jama'a ana ɗauka da waya. Gyaran da za ku nema shi ne: ɓangaren mata na jinsin halitta ne, wanda ke cikin haɗari a ɓangaren maza a ba shi ɗaki na daban, jami'in lafiya ne kaɗai zai duba jiki, a ɗaki rufe, babban jami'i ya sa hannu a rubuce cikin awa 24. Ku ƙara togaciya ɗaya da ake yawan mantawa: ɗaki na daban kada ya koma kurkukun kaɗaici. Ƙa'idojin Mandela sun kira awa 22 ko fiye a rana ba tare da hulɗa da mutane ba kaɗaici, sun kuma hana ya wuce kwana 15 a jere. A Sikotland, a watan Janairun 2023, an fara kai wani da aka samu da laifin yi wa mata biyu fyaɗe gidan yarin mata saboda ya ce shi mace ce, aka fitar da shi cikin kwanaki bayan ƙorafi ya yi yawa. Rashin rubutacciyar ƙa'ida kan masu laifin fyaɗe a matakin karɓa ne ya haifar da wannan abin kunya.

Ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin jinya, mafakar matan da aka ci zarafinsu da banɗaki duk hanya ɗaya ce, sai dai sun fi sauƙi: a rubuta jinsin halitta, a tanadi aƙalla ɗaki ɗaya mai ƙofa da sakata wanda kowa zai iya shiga shi kaɗai. Wannan ɗakin yana amfanar mai keken guragu da uban da ya zo da ƙaramar 'yarsa. Ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai gadi ba shi da ikon neman kowa ya buɗe jikinsa. Bayanin lafiyar mutum kuma sirri ne a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023.

A wasanni an riga mu yanke hukunci daga sama. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta hana wanda ya balaga a matsayin namiji shiga gasar mata tun watan Maris na 2023, kuma daga 1 ga Satumban 2025 ta wajabta gwajin ƙwayar gado ta SRY, wadda ke sa jiki ya ɗauki halittar namiji, sau ɗaya a rayuwa, ta hanyar goga auduga a cikin kumatu ko ɗibar jini. Gwajin yana da tarihin da ya kamata a sani. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, mata 8 cikin 3,387 gwajin ya nuna suna da wannan ƙwaya, dukkansu aka bar su suka yi gasa bayan ƙarin bincike, kuma a 1999 aka daina gwada kowa da kowa. Ma'ana sakamakon farko ba shi ne hukunci ba. Abin da ƙa'idar cikin gida za ta ƙunsa shi ne a yi gwaji a gida tun kafin tafiya, a samu yardar 'yar wasa a rubuce, likita ya gaya mata sakamako ita kaɗai, a ba ta damar ɗaukaka ƙara. Yarinyar da ta tashi mace, ta ji labarin jikinta a karon farko daga bakin 'yan jarida, an zalunce ta ko da hukuncin daidai ne. Gasar firamare da ta unguwa kuwa babu dalilin kai gwaji can.

Sai kujerun da ake ware wa mata, inda maganar ta fi kusa da mu. A majalisa ta goma mata huɗu ne cikin sanatoci 109, a Majalisar Wakilai ba su kai 20 ba cikin 360. Ƙudirin HB 1349, wanda Mataimakin Kakakin Majalisa Benjamin Kalu ke cikin masu gabatar da shi, ya nemi ƙarin kujera ɗaya ga mata daga kowace jiha da Abuja a kowace majalisa, da uku a kowace majalisar jiha. Shari'ar Birtaniya da muka ambata daga irin wannan doka ta taso, dokar Sikotland ta 2018 da ta nemi mata su zama rabin mambobin hukumomin gudanarwa na gwamnati, aka yi shekaru ana shari'a kan wa ake ƙirgawa. Layi ɗaya a sashen fassara yana rufe wannan ƙofa. Muna roƙon ku da babbar murya: ku nemi a saka layin, kada ku nemi a kashe ƙudiri saboda rashinsa. An yi watsi da ƙudirin daidaiton dama na Sanata Biodun Olujimi a watan Maris na 2016, aka sake jingine shi a watan Disamban 2021, ranar 1 ga Maris 2022 kuma majalisa ta kayar da ƙudirori biyar na mata a zama ɗaya. Bazawarar da ake korarta daga gidan mijinta da yarinyar da ake cirewa daga makaranta su ne ke biyan kuɗin irin wannan faɗuwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Rubuta takardar

Shafi biyu zuwa huɗu. Da Turanci za a miƙa, domin da shi majalisa ke aiki, amma ku fara rubutawa da Hausa don 'yan ƙungiya su ji su amince. Sannan ku yi wannan gwaji: wani ya mayar da ita Turanci, wani daban da bai ga ta farko ba ya dawo da ita Hausa. Duk inda jinsi ya fita da wata ma'ana ya dawo da wata, a nan matsalarku take.

A sama ku sa sunan kwamiti, lamba da taken ƙudiri, sunan ƙungiya da na mai sa hannu. Sakin layi na farko ya faɗi matsayinku a jimla biyu: muna goyon baya da gyara uku, ga su. Sai jadawali mai gida uku: abin da sashen ya ce yanzu, abin da kuke so ya koma kalma da kalma, da dalili a layi biyu ko uku. Akawun kwamiti daga wannan jadawali yake kwafa idan ya zo haɗa rahoto. Takardar da ta ce a gyara sashe na 4 ba ta kawo lafazin gyaran ba, ta bar masa aikin da ba zai yi ba. Ga irin lafazin, a Hausance:

"A wannan doka, mace tana nufin mutum mai jinsin halitta na mace. Wanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana ba, za a bi jinsin da ke takardar haihuwarsa, ko wanda aka gyara ta zuwa gare shi bisa rahoton ƙwararrun likitoci biyu. Babu wani abu a wannan sashe da ya halatta duka, ko tozarta wani, ko hana shi magani, ko binciken jikinsa ba bisa doka ba."

Abubuwan da ke lalata takarda sanannu ne. Zagi da kiran sunaye, wanda ke bai wa shugaban kwamiti dalilin kashe makirufo. Alƙaluman da ba ku san tushensu ba. Ambaton sunan wani mutum mai rai a matsayin misali, wanda zai iya jawo masa farmaki, ku kuma ya jawo muku ƙarar ɓata suna. Aya ko hadisi ko nassin Littafi Mai Tsarki suna da muhallinsu, amma ku biyo su da sashen doka, domin a kwamitin akwai Musulmi da Kirista, kuma rahoto da lambar sashe ake rubuta shi. Takarda ɗaya da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da zumuntar matan coci da mata lauyoyi na ƙungiyar FIDA za su iya sa wa hannu tare ta fi goma da kowa ya rubuta shi kaɗai.

Ranar zama da bayanta

Sanarwar jin ra'ayin jama'a tana fitowa a jaridu, wani lokaci saura kwanaki kaɗan, don haka takarda ta zama a shirye tun ƙudiri ya tsallake karatu na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bi abin da sanarwar ta ce kan yawan kwafi da ranar rufewa, ku tura ta imel, ku kuma kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku aika wa akawu sunayen masu zuwa tun da wuri, saboda shiga harabar majalisa sai da izini da katin shaida, layin ƙofa kuma yana cin lokaci. Da isarku ku rubuta suna a rajistar masu magana. Ma'aikatu da hukumomi ake fara kira, ƙungiyoyi su biyo baya, a lokacin sau da yawa an ce kowa minti uku ko biyar. Mutum ɗaya ya yi magana, gara mace idan batun wurin mata ne. Ta gai da shugaba a jimla ɗaya, ta faɗi lambar sashe, ta karanta lafazin gyara, ta ba da dalili ɗaya, ta zauna. Ta kuma zo da amsar tambayar da tabbas za a yi: to wanda ba a karɓa a nan ba, ina za a kai shi?

Bayan mako biyu ku koma wurin akawu ku tambayi inda rahoto ya kwana. Idan an ajiye shi a zaure, ku nemi kwafi ku duba jadawalinsa, ko lafazinku ya shiga. In bai shiga ba, saura dama ɗaya a wannan majalisar: lokacin da ake bin ƙudiri sashe-sashe a zaure, kowane ɗan majalisa yana iya miƙewa ya kawo gyara, don haka ku kai wa naku lafazin a takarda guda, an buga da manyan haruffa. In nan ma ya wuce, ɗaya majalisar za ta yi nata zaman, sai ku sake miƙawa can. Idan kuma gyaran kundin tsarin mulki ne, ku raba kwafi ga rassanku na jihohi tun kafin a aika ƙudirin ga majalisu 36, domin a can e ko a'a kawai ake kaɗawa, ba a sake taɓa lafazi.